Ranar da Aka Ƙi Buɗe Tukwane a Challawa

Na halarci tarukan siyasa iri-iri, wasu ma na manta ko wa muka je yi wa tafi, amma akwai guda ɗaya da har in koma ga Allah ba zai fita daga kaina ba. A Challawa aka yi shi, a filin da ke gaban kamfanin biskit ɗin da nake aiki a lokacin. Har yau in na tuna sai in kama dariya ni kaɗai, yarana su ce Umma ta fara.

A lokacin ni ce shugabar mata ta jam'iyyarmu a mazaɓa. Kada ku ɗauka wani babban muƙami ne, bakina ne ya jawo min, don an san ba na ganin abu in yi shiru. Ɗan takararmu na kansila kuwa wani matashin Alhaji ne mai kai fata majemu, wanda tun kafin a kaɗa ƙuri'a muke ce wa Honarabul, shi kuma yana amsawa har da gyara zaman hula.

Mazaɓarmu ba a cin ta da mutanen cikin unguwa kaɗai. Akwai dattawa da malamai, su ake jera wa kujeru a gaba. Akwai ma'aikata Kiristoci 'yan kudancin Kaduna da Filato da suka cika masaƙa da majemu, duk zaɓe suna fitowa kwansu da kwarkwatarsu su zaɓe mu, in an gama kuma ba mai ƙara tuna su. Shugabar matansu wata ƙatuwar mata ce mai murya kamar lasifika, kowa Mama yake ce mata. Sannan akwai 'yan daudu masu rumfar abinci a bakin ƙofar kamfanoni. Su ba su da yawa, amma duk wanda ya tashi daga aiki a bencinsu yake zama, kuma da wuya a yi biki a unguwar ba su suka yi girki ba. Abin da babbansu ya faɗa a bakin tukunya da rana, kafin magariba ya shiga kowane gida.

Babban nasu dattijo ne mai furfura da lalle a hannu, ƙawata yake ce min, ni ma haka nake ce masa. A shekarar nan yana cikin tashin hankali, don wasu sun yi ta kai ƙorafi har aka zo daga ƙaramar hukuma aka shafa jan fenti a jikin rumfar, alamar rusau. Rumfar nan kuwa ita ce cinsa, ita ce cin duk waɗanda ke ƙarƙashinsa. Da na je nema wa Honarabul goyon baya, bai nemi atamfa ba, bai nemi komai ba sai abu ɗaya.

"Ƙawata, ranar taronku ya zo ya zauna a bencin nan, ya ci abinci kowa yana gani. In kansila ya ci a wuri, wa zai turo katafila?"

Na kai maganar gaban kwamiti. Honarabul ya dafe ƙirji ya ce, "Hajiya shugaba, kin san ina son mutanen nan. Wallahi a cikin zuciyata suke."

Na ce, "To ka fito da su daga zuciyar su sha iska mana, ranka ya daɗe."

Ba wanda ya yi dariya. Sai sakataren jam'iyya, wani siririn mutum mai son a ce shi ne mai dabara, ya fito da tsarinsa. Dattawa a gaba da la'asar. Mutanen coci su zo bayan magariba, wai don a fi samun natsuwa da su. 'Yan daudu kuma su yi girkin taron, su ajiye tukwane a bayan tamfol, su zame. Ƙuri'ar kowa ana so, amma kada wani ya ga wani. Na yi faɗa har ɗankwalina ya zame, aka ce an fi ni yawa, kuma ni za a aika.

Na je na faɗa yadda aka faɗa min, ban sa sukari ba. Allah ya sa Mama tana zaune a rumfar tana cin shinkafa da wake, don haka da aike ɗaya na sallami mutum biyu. Ta ajiye cokali ta ce, "Bayan magariba? Mu jemagu ne?" Shi kuwa dattijon ya kalle ta, ta kalle shi, suka daɗe a haka. Sannan ya juyo ya ce min a hankali, "Ba komai, ƙawata. Za a yi girki." Yadda ya faɗe ta babu ko tsaki, na san akwai magana.

Ranar taro aka kafa rumfar tamfol, aka jera kujeru, dattawa suka zauna da manyan riguna. An zaɓi lokacin tashin masu aikin safe ne da gangan, don an yi ta shela cewa akwai abinci kyauta. Jiniyar kamfani na kaɗawa sai ga ma'aikata sun ɓarko, wasu da warin majema a jikinsu, wasu da auduga a gashi, kowa cikinsa na kuka. Sakatare ya leƙa bayan tamfol, wayam, ko ludayi babu.

Tukwanen suna can ƙetaren fili, a gaban rumfar mai jan fenti, an jera su a kan murhu, kowace an ɗaure murfinta da zane. Dattijon yana zaune kusa da babbar, ya ɗora ludayi a cinya kamar sandar mulki. Ga Mama da matanta sun sha anko sun cika bencunan rumfar, tun la'asar ɗin, suna 'yar waƙarsu ƙasa-ƙasa. Iska kuma kamar an aiko ta, ta kwaso ƙamshin miyar taushe da dafa-duka ta watsa wa jama'a. Kafin ka ce me, duk filin ya juya. Honarabul yana kan mumbari yana alƙawarin rijiyar burtsatse, ƙeyoyin mutane kawai yake gani.

Sakatare ya ruga yana haki. "Malam, a buɗe tukwane mana! Mutane za su watse!"

Dattijon ko tashi bai yi ba. Ya ce, "A duk bikin da muka yi girki, mai biki ne yake zuwa ya fara ɗanɗanawa kafin a raba. Haka muka gada. A kira mai biki."

Kuma gaskiya ya faɗa, duk matar da ta taɓa aurar da 'ya a unguwar nan ta san haka ake yi. Ma'aikata suka ɗauka da ihu, "Mai biki ya zo! Mai biki ya zo!"

Ban taɓa ganin mutum ya jiƙe da gumi da sauri kamar Honarabul ba. Ya kalli dattawa, ya kalli rumfa, ya kalli wayoyin da aka ɗaga ana ɗaukarsa. Sai ya yafito ni ya raɗa min, "Hajiya shugaba, je ki karɓo min a kwano, na ci a mota."

Na ce, "Ni ce a jikin fosta?"

Ya sauko, ya fara tafiya kamar mai ciwon ƙafa. Yana kaiwa tsakiyar fili sai ya tsaya cak, ya zaro wayar da ba ta yi ƙara ba ya kara a kunne, yana "Na'am, Alhaji, ina ji." Wallahi kunya ta kama ni kamar ni ce na haife shi.

Ana cikin haka sai tsohon ladanin masallacin kamfani ya miƙe daga kujerar gaba. Tsoho ne tukuf, da shi aka buɗe majemar farko a wurin, kowa yana jin nauyinsa. Ya dogara sandarsa ya nufi rumfar. Ni dai na ce a raina shi ke nan, yau za a yi wa babban 'yan daudun nan wa'azi a bainar jama'a, rumfa ta tafi.

Ladan ya iso, ya gaisa da Mama, ta matsa masa ya zauna a ƙarshen benci. Ya jingine sanda ya ce da ƙarfi irin na wanda kunnensa ya yi nauyi, "Zuba min, yunwa nake ji. Tun da matata ta rasu, ga haƙora sun zube, wa yake tuƙa min tuwo mai laushi in ba kai ba?" Ya nuna kujerun gaba da haɓa. "Su ma waɗancan duk ci suke. A kwanon rufi ake kai musu."

Jama'a! Dariyar da aka fashe da ita har masu gadin masaƙa sai da suka leƙo. Dattawa kowa ya sunkuya yana neman wani abu a takalminsa. Shi kuwa babban 'yan daudun ya kwance zanen tukunya, ya zuba, ya durƙusa ya miƙa wa ladan da hannu biyu, hawaye na bin fuskarsa. Ni ma sai da na goge nawa. Can sai ga dattawa biyu sun taso, wai sun zo raka ladan, kuma ba su tashi ba sai da suka suɗe hannu.

Da Honarabul ya ga hanya ta yi kyau, sai wayar ta ƙare nan take. Ya taho da sassarfa, mai hoto na biye da shi, yana cewa, "A zuba min, ai gidanmu ne nan!"

Babban 'yan daudun ya share ido da gefen zane ya ce, "Ranka ya daɗe, an riga an ɗanɗana. Sai a bi layi."

Layin kuwa ya kai ƙofar majema. Honarabul ya tsaya a ciki da babbar rigarsa, tsakanin wani Banufe mai gyaran inji da wani ɗan Maraɗi mai dako, kafin ya iso gaba sai ƙanzo. Shi ya ci a tsaye, Mama tana yi masa sannu.

Zaɓe ya zo muka sha ƙasa, shan ƙasa mai kyau. Mutanen Mama sun fito kamar kullum, sai dai ba mu suka zaɓa ba, kuma ban ga laifinsu ba. Katafila kuwa ba ta taɓa zuwa ba, don daga ranar ladan ya mai da bencin nan wurin zamansa na rana, har Allah ya yi masa rasuwa, kuma ba a samu ma'aikacin da zai rushe rumfa a kan ladan ba. Wanda ya kayar da mu, tun kafin a rantsar da shi ya zo ya ci tuwo a wurin da rana tsaka, ya sa aka goge fentin.

Abin da na koya a ranar shi ne, mutane suna iya yafe maka alƙawarin da ba ka cika ba, sun saba. Amma wanda kake jin kunyar a gan ka tare da shi, kada ka je neman ƙuri'arsa, don ya san abin da kake ɓoyewa tun kafin ka buɗe baki.