Gidan Babana Ba Ya Ƙanƙancewa

Tun shekarar da katafila ta rushe layinmu a unguwar Briqueterie don faɗaɗa hanya, babu wanda ke da hoton gidan mahaifina. A kaina kawai ya rage. Da korona ta watsa mana majalisa, sai na shiga ajin koyon zane da fentin mai a unguwar Tsinga, don jikokina su ga gidan kafin a binne shi tare da ni.

Jiya malaminmu, Mesiye Sali, wanda na girmi ubansa, ya tsaya a bayana yana kallon aikina.

Ya ce, "Baba, gidan nan a ƙarshen layi yake, ko? Abin da ke nesa ƙarami ake zana shi. Kai ka yi shi ya fi masallaci."

Na ce, "Ka taɓa shigarsa? Fataken Garwa da na Kano a zaurensa suke kwana."

"Ai doka ce, Baba. Fentin bai bushe ba, a kankare."

"Dokar wa? Hukuma ta rushe shi, kai kuma ka rage masa tsawo?"

Duk ajin suka tuntsire da dariya ta cikin takunkumi. Mesiye Sali ya sassauta murya ya ce girman abu ya danganta da inda mai zane ya tsaya.

Ashe haka ne. Tsofaffin unguwa, ku zo nan ƙasan wannan rubutu ku faɗa masa faɗin zauren nan. Ni dai gobe da safe zan kwashi burushina in tsaya daidai inda ƙofarmu take, gidajen sauran mutane su ƙanƙance.