Tsakar Mutumin Jawa

Mun tashi da asubar Juma'ar da ta wuce daga Dira, unguwar da muke zaune a nan ƙasar Larabawa, ni da wani abokina direba, mutumin Maraɗi. Birnin Masana'antu na Biyu muka nufa, dubiyar wani kafinta mutumin tsibirin Jawa, can gabas mai nisa, wanda zarto ya yanka a hannu. Da can masallaci ɗaya muke salla da shi.

Hanyar kudu shimfiɗaɗɗiya ce, ranar hutu kuwa, tireloli duk suna kwance gefen titi. Mun karya wurin wani Bayamane da gurasa mai zafi da wake, riyal uku har da shayi.

Muna cikin gaisawa da mai ciwon da gurguwar Larabcinmu, abokina ya hangi wata tsaka a bangon bayan kabad. Ta kusa kamu guda, toka-toka da ɗigon ja. Mu mun taso da sanin kashe tsaka lada ne, ana kuma cewa tana sa kuturta. Ya zabura bakin ƙofa ya ɗauko takalmi. Kafintan ya tare ta da hannun nan mai bandeji. Da ƙyar na riƙe abokina.

Ashe ta kafintan ce. Cikin katakon da aka kawo daga ƙasarsu ya tsince ta a galabaice, ya yi ta ba ta kyankyasai har ta farfaɗo. Sunanta toke da yarensu, ya rubuta mini shi a littafina da harafin Larabci, don su ma suna da ajaminsu. Ya ce mutanensu na ƙirga kukanta, in ta kai tara, arziki na tafe gidan. Na ce masa wannan camfi ne, gaibu na Allah ne. Bai musa ba.

"Ya Hajji, ni ba na ƙirgawa," in ji shi. "Shekara huɗu rabona da gida. In ta yi kuka na rufe ido, ɗakin mahaifiyata nake."

Abokina ya mayar da takalmin waje. Ya sha shayin da aka kawo, amma tafinsa na rufe da bakin kofi.

Can muka yi Juma'a, la'asar ta same mu a Dira lafiya, alhamdu lillahi. Na koyi in riƙa tambaya kafin in ɗaga hannu a ɗakin baƙo. Abokina dai na nan na cewa na sa ya yi asarar lada. Jiya kuma na iske shi yana tara kyankyasai a gwangwanin madara.