Ranar da Shinkafar Mama Saratu Ta Makara

Dilimi zuwa tasha

Ƙarfe biyar da rabi na asubar Asabar na ja ƙofar gidana a unguwar Dilimi cikin Jos, sanyi yana ratsa suwaita biyu kamar ban sa komai ba. A jakata akwai takarda shafi uku da na kwana huɗu ina rubutawa, na bar ɗinkin mutane a kan keke. Yayata Talatu ce ta jawo mini wannan aiki. Tana aure a Tsohon Bariki, wani ƙauye a gefen hanyar Bauchi, kuma ita ce shugabar ƙungiyar matan garin. Shekara uku ke nan da suka share fili a bakin kududdufin da masu haƙar kuza suka bari, suna noman kabeji da karas da rani. Yanzu wani mai kuɗi yana son filin ya buga bulo, majalisar Dagaci kuma a ranar za ta yanke magana.

"Ke ce mai boko, Binta," in ji Yaya a waya. "Ki rubuto mana koke, ki zo ki karanta."

Shida saura minti goma Keke Napep ya sauke ni a tashar Titin Bauchi. Na tambayi direba yaushe za mu tashi.

"Saura mutum ɗaya, Hajiya."

Mutum ɗayan nan muka jira har bakwai saura kwata. Da ya iso, ashe shi da buhun taki biyu ne, aka cusa mini ɗaya a kan ƙafa.

A hanya

Mun wuce jami'a, muka bar gari. Shinge biyu muka tarar. A na farko, "Oga, sannu da aiki" kawai direba ya ce aka ɗaga mana hannu. A na biyu aka sauke buhunan takin aka zazzage ana dubawa, mu muna tsaye a bakin titi muna rawar ɗari. Tafiyar kilomita ashirin da 'yan kai ta ci mana awa ɗaya da kwata. A mararraba na hau acaɓa, kilomita bakwai na jar ƙasa da duwatsu, hannuna ɗaya a ƙarfen bayan kujera, ɗaya a kan jakar takardata. Takwas da rabi na sauka.

Tsohon Bariki

Na ɗauka zan tarar da mata a zaune suna shirya abin da za su faɗa. Ina! A bayan gidan Dagaci na same su, su kusan ashirin, tukwane uku manya a kan murhu, ana wanke shinkafa, ana yanka kabeji. Mai ba da umarni wata dattijuwa ce, Mama Saratu, wadda aka ce mini tun tana amarya ita ke girkin majalisa, ita ke girkin coci, har bikin sunan Musulmin garin ita ake kira.

Na ja Yaya gefe. "Wai ba ku ne za ku shiga majalisa ba?"

"Ai shigarmu ke nan. An sa sunanmu a takarda. Mu ne na ƙarshe."

Sai ta yi mini bayanin yadda suke yi. Maza suna zama a gindin mangwaro ƙarfe goma. Mata suna girki. Da zarar an ga faranti ya fito, Liman ya yi addu'a, Fasto ya yi tasa, zama ya tashi, ba a ƙara wata magana. Na tambaye ta sau nawa aka sa sunansu. Ta ce sau biyu. Sau nawa suka yi magana? Ko ɗaya.

"Lokaci ne ba ya kaiwa," in ji ta.

"Wa yake fito da farantin?"

"Mu mana."

Wallahi sai da na nemi turmi na zauna. Mutanen nan da hannunsu suke rufe taron kafin a zo kansu, sau biyu, kuma suna ta zargin lokaci! Na ce to yau kada a yi girkin. Kamar na zagi iyayensu. Mama Saratu ta juyo da muciya a hannu.

"'Yar Jos, ni abinci na bai taɓa latti ba. Sha biyu yana yi, faranti yana fita. Ki tambaya kowa."

"Mama, shi ya sa lambunku zai koma bulo."

Ta juya ta ƙara itace. Na ji kamar in hau acaɓa in koma kan kekena.

Gindin mangwaro

Goma da kwata aka fara. Daga inda muke ana jin komai ta kan katanga. Sun yi minti arba'in a kan akuyar da ta shiga gonar wani. Sun yi rabin awa a kan wanda zai gyara ragar filin ƙwallo. Ni ina duba agogo ina cizon yatsa. Sha biyu saura, mai bulo ya tashi ya yi bayaninsa tsaf, aka yi ta gyaɗa masa kai. Daidai nan shinkafa ta tsotse, ƙamshi ya haura katanga, mata suka fara jera faranti. Na ce shi ke nan, na yi asarar kwana huɗu.

Sarkin Fada, mai isar da saƙon Dagaci, ya leƙo. "Mama, an shirya?"

Mama Saratu ta dubi tukunya, ta dubi tulin ganyen kabejin da ke gabanta. Ta mayar da murfi.

"Shinkafa bai dahu ba."

Alhali kowa ya ga ta dahu. Sha biyu da rabi ya dawo, ta ce saura kaɗan. Ɗaya saura kwata ya sake dawowa yana shafa ciki, ya tarar ta jawo kujera ta zauna a gaban murhu kamar mai gadi. A can gindin mangwaro magana ta ƙare, azahar ta matso, ba faranti balle a rufe. Muka ji Dagaci yana cewa, "To, me ya rage a takardar?"

Aka ce mata.

Na miƙe ina lalube a jaka. Kafin in warware shafin farko, Mama Saratu ta riga ni zuwa, muciyarta a hannu. Ta durƙusa ta gaida Dagaci, ta miƙe.

"Ranka ya daɗe, kabeji da karas da kuna ci a nan shekara uku, ba daga kasuwa ba ne. Daga wannan fili ne. Mu muka kwashe dutse, mu muka ja ruwa. In kun ba shi, ba damuwa. Zama mai zuwa zan dafa muku bulo."

Dariya ta kece, ban da mai bulo. Dagaci bai yi dariya sosai ba. Ya tambayi Yaya mata nawa ke cin abinci da lambun, ta lissafa masa gida-gida da suna. Ya yi shawara da dattawa ƙasa-ƙasa, sannan ya ce lambu na mata ne, mai bulo ya nemi wuri a ɗaya gefen kududdufin. Aka yi addu'a biyu, aka fito da faranti.

Shinkafar ta caɓe, ƙasan tukunya ya ƙone. Suka cinye tas.

Komawa

Mata suna ta guɗa, ni kuma na koma ɗauko jakata, na tarar da Mama Saratu ita kaɗai tana kankare ƙanzo tana share hawaye da bakin zane. Na ce Mama, ai kun ci nasara.

"Na sani," ta ce. "Amma yau an ci ƙonannen abinci da sunana."

Duk haushin da na kwaso tun daga tasha sai ya bi ruwa. Na tsuguna na karɓi cokalin na taya ta.

Ƙarfe uku na hau acaɓa da kabeji huɗu a cinya, huɗu da kwata na samu mota a mararraba, shida saura na buɗe ƙofata a Dilimi. Na gode wa Allah da ya kai ni ya dawo da ni lafiya, na gode wa Yaya Talatu duk da wahalar da ta ba ni. Takardata shafi uku tana nan a jaka, ba wanda ya ji ko layi ɗaya. Babbar godiya ta Mama Saratu ce, wadda ta bar shinkafarta ta ƙone.