Shi a ba shi bijimai, ni a ba ni cuku

Shekara bakwai ke nan da rasuwar Isufu, kuma har yau idan na tuna shi, kishi kan riga addu'a zuwa bakina. Ya san da haka tun yana raye, don ban taɓa ɓoye masa ba.

Unguwarmu ɗaya a Dakoro, ajinmu ɗaya tun daga lakwal, wato makarantar boko. Tare muka tafi Yamai karatun likita, tare muka ƙware a kan ciwon daji, muka zama malamai a jami'a. Da safe mu duba marasa lafiya, da rana mu koyar, mu yi bincike. A jarrabawa wani lokaci in wuce shi, wani lokaci ya wuce ni. Amma wajen samun gudummawar masu hali, wadda binciken irin namu ba ya tafiya sai da ita, ko ƙurarsa ban taɓa hangowa ba.

Akwai wani Alhaji mai fataucin dabbobi daga Birnin Lalle da ya kawo matarsa da ciwon daji a mama. Ta ce namiji ba zai duba ta ba, sai aka ba ni ita. Wata da watanni muna tare. Ni na zauna da ita ranar da gashinta ya fara zuba, ni na lallashe ta da ta ce ta gaji, a mai da ita gida ta mutu a ɗakinta. Allah ya ba ta sauƙi. Alhaji ya sayar da bijimai, ya zo ya same mu a biro, wato ofishin da muke zaune ni da Isufu. Ya ajiye mini turmin atamfa da ƙullin cuku, ya ce, “Madam, sannu da ƙoƙari.” Sannan ya juya wurin Isufu da kuɗin bijiman, shi kam ya kira shi likita. “Lokotoro, ga wannan a ƙara cikin bincike.”

Isufu ya ce, “Alhaji, ni ko fuskar Hajiya ban sani ba. Ga wadda ta yi aikin.”

“Na sani, Allah shi yi mata albarka. Amma abu mai nauyi, namiji ake damƙa ma.”

Isufu ya karɓa. Ya sayi na'urar gwaji, ya sa a ɗakin bincikena, ya miƙo mini makulli. Sai dai sunansa aka rubuta a jikinta, shi aka yaba a taro cewa yana jawo taimako, kuma shi aka ɗora a kan sashenmu. Na ce masa da ya ƙi karɓa. Ya ce, “Hadiza, in na ƙi, wani namijin zai kai wa, wanda ba zai ba ki makulli ba.” Gaskiya ya faɗa, kuma gaskiyar tasa ta fi ba ni haushi.

Yau mata masu wannan aiki sun ƙaru, amma manyan kyautuka na zuwa wurin wani saurayi da ni na koya masa riƙe allura. Ni ma ana ba ni. Matan Kornaka sun taɓa kawo mini kwasar adashinsu don kuɗin motar masu jinya marasa ƙarfi, kuma ta ceci rayuka. Irin wannan ba a rubuta ta a bango, ba a kuma duba ta ranar ƙarin girma. Da Isufu zai ga haka, na san zai ce in yi haƙuri, ana tafiya a hankali. Shi da ake miƙa wa, haƙuri bai yi masa wuya ba.

Bana na je Dakoro sadakar da ake yi masa. Mutane suna ta zancen ɗakin jinya da attajirai suka gina da sunansa, ina zaune ina jin zafin abin. Bayan an watse sai ƴarsa Nana, wadda ke gab da gama karatun likita, ta zo ta durƙusa kusa da ni.

“Gwaggo, ciwon daji nake so in karanta. Baba ya ce in aiki nake son koya, wurinki zan zo.”

Bai taɓa faɗa mini haka ba. Ginin zai daɗe, kuma ban daina kishinsa ba. Amma abin da ya fi daraja cikin abin da ya bari, mace ya damƙa wa. Na ce mata ta zo. Allah ya jiƙan Isufu.