Sandunan da Suka Tokare Rufinmu

Bayan an ƙone mana rumbuna a Gatawa muka dawo Sabon Birni, ni da maigidana da yara. Magini ne. Ya ce ba zai sake kwantar da iyalinsa ƙarƙashin abin da wuta ke ci ba, rufin kankare zai yi mana, ko da ɗaki guda ne.

Rodin ƙarfe ya samu, amma siminti bai ishe shi ba. Lokacin da ya yi aikin kwalbati a hanyar Isa ya ga ana rage siminti, a cike da tokar buntun shinkafa. Sai ya riƙa kwaso buntu daga injin casa yana ƙonawa har ya yi fari, ni kuma ina tankaɗewa. Maƙwabta suna wucewa suna tambayata ko tuwon toka za mu ci. Ranar da aka zuba rufin ya tokare shi da sandunan dogon yaro, ya gargaɗe ni cewa kankaren toka yana da nawa wajen yin ƙarfi. A yi ta ba shi ruwa, kuma kada a taɓa sanda ko ɗaya sai wata ya wuce.

Sati bai cika ba ciwon ciki ya kayar da shi. Allah ya karɓi abinsa da hantsi.

Aka yi masa wanka da sutura, aka gina kabari, sai aka rasa itacen da za a jera a kai kafin a mayar da ƙasa. A lokacin ba mai shiga daji saran itace, saboda tsoron 'yan bindiga. Wansa ya zo ya tsaya a bakin ƙofa, bai dube ni ba.

"Baiwar Allah, ki yi haƙuri. Za ni ɗebi sandunan ga."

Na gaya masa abin da ƙanensa ya ce. Ya ce gawa ba ta jira, mutane suna tsaye cikin rana. Na dubi yara, na dubi rufin. Damina ta kusa, kuma ba mu da wani wurin.

"Yaya, ɗauki na kusurwar yamma. Ka bar mini na tsakiya."

Haka aka yi. Ina jin lokacin da suke bugun sandunan suna zarewa. Ban fito ba.

Duk kwanakin takabata, safe da yamma, babbar ɗiyata ke hawa tana zuba wa rufin ruwa, ina miƙa mata bokiti. Tsakiyar ta kama sosai. Kusurwar yamma kuwa ta ɗan sunkuya, ta tsage siriri. Duk damina ta nan rufin yake yoyo, sai mu janye tabarma mu tara roba. Wan maigidana ya zo sau da yawa zai liƙe wurin, ina ce masa sai bayan girbi. Ba na son a liƙe, don wurin ne ke tuna mini da marigayin.