Muryar Baba a Kwamfutar Yaya Alhaji

Ni ce auta a gidanmu, ni kaɗai na koyi kwamfuta, kuma ni ce ba ni da ita. Aikin buga takardu nake yi a wani shago a Gumel, da injin mai shagon. Yayyena maza biyu kuwa, waɗanda ko kunnawa sai an nuna musu maɓalli, kowa da tasa.

Babban, Yaya Alhaji, ɗan kwangila ne a Gumel. Ya sayi tasa tun lokacin da ake zuwa kallon kwamfuta kamar amarya. Ya kafa ta a falo, ya sa tela ya ɗinka mata riga ta leshi, in baƙi sun zo a yaye a nuna musu, a mayar. Yaya Ƙarami dillalin shanu ne a Maigatari. Babu abin da saniya ke buƙata a wajen kwamfuta, amma da ya ji wansa na da ita, sai da ya sayo sabuwa dal mai lasifika biyu. Don kada a ce kwaikwayo ya yi, ba ya ce mata kwamfuta, odinatar yake cewa da Faransanci, irin na abokan cinikinsa na Damagaram.

A daminar Baba ta ƙarshe na je gida Ɗanzomo da rediyo mai kaset, na zaunar da shi ya ba ni labarin fataucin kanwa da ya yi da jakuna yana saurayi. Ya yi kusan awa guda yana magana. A tsakiyar labarin ya rikita sunan wata rijiya, Inna ta gyara masa daga madafa, ya yi dariya har da tari, ya ce, “Ji ta, sai ka ce tare muka je.” Bayan rasuwarsa na haɗa rediyon da kwamfutar Yaya Alhaji na zuba muryar a ciki, wai don kada ta ɓace. Kaset ɗin kuwa Yaya Alhaji ya karɓa zai ji a mota, ya bar shi a gaban gilashi rana ta bi ta kansa, ya lanƙwashe kamar ƙuliƙuli. Da na yi magana ya ce ai ga shi nan a inji, mene ne na damuwa.

Ba a yi wata biyu ba aka dawo da wuta da ƙarfi, ta ƙone ɓangaren da ke fitar da sauti. Kwamfutar na kunnuwa, ana ganin fayil ɗin Baba a allo, amma ko uffan. Sannan rumbun ajiyarta na ciki ya fara wani ƙas-ƙas-ƙas idan ta ɗauki zafi. Duk wanda ya zauna da waɗannan injuna ya san wannan ƙarar, sallama ce. Inna kuwa duk zuwan da na yi sai ta tambaye ni, tana kallon wani wuri daban, “Auta, maganar Malam ɗin nan da kika ɗauka, tana nan?” Tun da aka fita da shi ba ta sake jin muryarsa ba, kuma ba ta taɓa roƙon kowa komai ba sai wannan.

Hanyoyin fitar da muryar ba su da yawa. Faifan fulofi ba zai ɗauki ko minti ɗaya nata ba. Injin ba ya rubuta faifan sidi, ba shi da ramin filashi. Mafi sauƙi shi ne a kwance bayansa a ciro rumbun a ɗora a wata kwamfutar. Da na faɗa wa Yaya Alhaji haka, sai ya dafe rigar leshin da hannu biyu.

“A farke mini inji? Ke Auta, kin san nawa na saye shi? Haka ake yi a zare wa mutum kayan asali a sa masa na jabu.”

Kayan asalin da ke ƙas-ƙas ke nan.

Saura hanya ɗaya, wadda aka koya mana a makarantar kwamfuta kuma ban taɓa zaton zan yi ta ba. A bayan kowace kwamfuta ta wancan zamanin akwai wani faffaɗan rami mai ƙananan huji ashirin da biyar, inda ake soka wayar firinta. In aka sami waya mai kai iri ɗaya ta kowane gefe, aka soka nan aka soka can, kwamfuta biyu za su iya miƙa wa juna fayil. Wayar firinta ta yau da kullum ba ta yi, dole sai an sarƙa siraran wayoyin ciki, na aikawa a nan ya zama na karɓa a can. Na kwafo zanen daga tsohon littafina na kai wa wani dattijo mai gyaran rediyo a bakin kasuwa. Bai taɓa taɓa kwamfuta ba, amma ya sa tabarau, ya bi zanen layi-layi da dalma, kafin azahar ya gama. Tsawonta taku uku, don in ta fi haka saƙo yakan lalace a hanya.

Wannan taku ukun shi ya tona asirin gidanmu. Tunda wayar ba za ta kai daga Gumel zuwa Maigatari ba, dole a ɗauki kwamfuta ɗaya a kai ta inda ɗayar take. Ni a wautata na ɗauka maganar mota ce da igiyar ɗaure kaya.

Yaya Alhaji ya ce, “Ni zan kwashi kayana in kai gidan ƙanena? Babban wa uba ne. Shi ya zo.”

Na hau mota na je Maigatari. Yaya Ƙarami ya ce, “Tawa ce ke ciwo? Marar lafiya ake kai wa likita. Kuma ki tambaye shi, sunan ’yata da aka yi, ya zo ko aike ya yi?”

Na koma Gumel da wannan. Aka ce in tambayo wancan ko ya manta wanda ya yi masa aure. Haka na yi ta jigila, waya a naɗe cikin jakata, ina kai gaisuwar da ba a aiko ni da ita ba, ina rage wa maganganu kaifi a hanya. An ce zumunci a ƙafa yake, to nasu a ƙafata yake. Kwamfutar shagonmu kuwa ba ta taɓuwa, mai shagon ya ce firintarsa ba za ta yi zaman banza ba. Sanyi ya wuce, bazara ta shigo, ƙarar rumbun tana ƙaruwa. Manyan mutane biyu masu gemu, kowanne in ya shiga masallaci ana matsa masa wuri a sahun gaba, sun tsaya suna auna wanda zai taka ƙofar wani. Girman kai rawanin tsiya, kuma su biyun kowa ya naɗa nasa har da kunnuwa.

Inna ce ta raba gardamar. Yaya Alhaji ɗan farinta ne, ba ta kama sunansa, ba ta yi masa magana kai tsaye, don haka ta wurina ta bi. Ta ce, “Ce wa wancan da ƙaninsa su kawo injunan nan gidan ubansu. Nan dai ba gidan kowa ba ne a cikinsu.”

Aka sa ranar Asabar da hantsi. Daga baya na ji cewa Yaya Ƙarami ya iso bakin gari da wuri, ya faka a gindin wata tsamiya ya jira, don kada ya riga zuwa a ce shi ne ya zauna jiran wani. Yaya Alhaji kuma da gangan ya makara. Sai da rana ta take tsaka suka shigo, ɗaya na bin ƙurar ɗaya. Aka jera kwamfutocin a kan benci a zauren Baba, aka tayar da janareta a waje, zauren ya ɗauki zafi kamar tanda. Na zare wa tsohuwar rigarta, na soka wayar, na ɗaure ’yan kusoshinta ta kowane gefe.

Kafin su gaisa da juna, injunan sukan tambaya wacce ce mai masauki, wacce ce baƙuwa. Mai kayan ita ce mai masauki. Na yi kuskuren faɗar haka da ƙarfi. Yaya Alhaji ya gyara zaman hularsa, Yaya Ƙarami ya ce shi ba baƙo ba ne a gidan ubansa. Na ce ba shi ake nufi ba, odinatar ake nufi. Sai da aka yi gwaji uku kafin allon sabuwar ya nuna kayan cikin tsohuwar. Wallahi da na ga sun haɗu, na yi murna ba kaɗan ba.

Inna ta shigo ta zauna a kan tabarma a bakin ƙofar cikin gida. Ta yi wanka, ta ɗaura zanen da take zuwa biki da shi, ta sa kwalli, ina jin ƙamshin turarenta daga inda nake. Tun da ta fita takaba ban ga ta sa kwalli ba.

Na kama linzamin kwamfutar na nufi fayil ɗin Baba. Yaya Alhaji ya ce, “Tsaya. Me za ki fara ɗauka?”

“Muryar Baba, Yaya.”

“A’a. Injin nawa ne, kayana ke ciki. Ki fara kwashe nawa tukuna, takardun ofis da hotuna. Na Baba ai guda ɗaya ne, ba gudu zai yi ba.”

Na ce, “Yaya, ka ji ƙarar da take yi. Na Baba kwata ɗin awa ya ishe shi.”

“Ni kike koya wa injina?”

Na dubi Yaya Ƙarami ko zai sa baki. Yana can yana goge lasifikarsa da gefen riga. Shi burinsa ya cika, kayan wansa za su kwana a cikin injinsa, sauran ba ruwansa. Inna ba za ta ce da ɗan fari komai ba. Ni kuma tun ina rarrafe ake ce mini bin na gaba bin Allah. Na ce to, na jawo jakar fayilolin Yaya Alhaji gaba ɗaya a allon, na sake ta a cikin sabuwar.

A allo wasu ’yan fararen takardu suka fara tashi daga wannan jaka suna faɗawa waccan, ɗaya bayan ɗaya, a hankali kamar ana tsiyayar da zuma. Yayyena suka matso da kujeru suna kallo baki buɗe. Abin da ke ratsa wayar kuwa, ni kaɗai ke karanta sunayensa: wasiƙun neman kwangilar da ba a ba shi ba, takarda mai tambarin kamfaninsa kala huɗu, hotunan dawowarsa daga Makka ta uku, shi a filin jirgi, shi a cikin mota, shi yana fitowa daga motar, shi da haƙorin Makka yana wa mai hoto murmushi. Fiye da awa guda ana haka. Inna ta tambaya sau biyu, “Ya kusa?” Na ce ya kusa.

Saura kaɗan jakar ta ƙare, ƙas-ƙas ɗin ya zama wani dogon kuka, takardar da ke sama ta tsaya cak a tsakiyar allo. Na jira. Na kashe na kunna. Allon ya fito baƙi da layi ɗaya na rubutu. Na kashe, na sa aka yi mata fifita da faifai, na sake kunnawa. Har aka kira la’asar ina yi. Daga baya an kai ta Kano, wannan karon Yaya Alhaji da kansa ya ce a farke, masu gyara suka ce babu abin da za a ciro.

A zauren dai, Yaya Alhaji ya yi gyaran murya ya tambaya ko nasa duk sun tsallake. Na ce kusan duk sun tsallake. Ya ce alhamdu lillahi, ai ba a yi asara duka ba. Sannan ya tuna cewa a cikin jakarsa akwai jawabin da ya yi ranar buɗe wasu azuzuwa da ya gina, wanda ni ce ma na zuba masa a injin.

“Sa mata wannan ta ji,” in ji shi. “Kowa na cewa muryata sak ta Baba.”

Na sa. Lasifika biyu suka cika zauren Baba da muryar Yaya Alhaji yana jero manyan baƙi da muƙamansu. Inna ta saurara har ya kai kan na biyar ko na shida. Sai ta ce, “Auta, ce masa ya isa.”

Yayyena suka fita salla, suna gardamar wanda ya jawo, wannan ya ce jinkirin wancan ne, wancan ya ce zafin zauren ne. Har yau in zancen ya taso haka suke yi, kuma na daɗe ina ba da labarin nan ana dariyarsu, don sun cancanta. Amma akwai guntun da ba na faɗa.

Ina durƙushe ina kwance kusoshin wayar, Inna ba ta tashi daga tabarmar ba. Ita da ba ta san ko harafi ɗaya na boko ba, ta nuna allon da haɓa.

“Waɗannan takardun da ke tashi, su yayyenki suna gane na wane ne ke wucewa?”

Na ce, “A’a, Inna. Duk iri ɗaya suke gani.”

“Da kin sa na Malam a gaba, za su sani?”

“Ba za su sani ba.”

“Ke kaɗai ke ganewa.”

“Ni kaɗai.”

Ta ce, “To.” Ta dafa ƙasa ta miƙe, ta ɗauki butarta ta shige ciki.