Batulu a Takardar Nasara

Yayata Batulu ba ta taɓa wuce kasuwar Gazawa ba, amma an ce sunanta ya kai Dakar, har ya ƙetare teku. A Gangara aka haife ta, a nan ta auri Rabo, sana'arta ƙuli-ƙuli da man gyaɗa. Mace ce da ba ta yarda da baƙo mai yawan tambaya, ni ma halina ke nan.

Ana saura ƴan shekaru a samu mulkin kai wani likita nasara ya sauka garinmu da tafintansa Jibo. Ba allura, ba ƙwaya, sai alƙalami. Likitan da ba ya ba da magani, me yake nema? Gida-gida yake bi yana tambayar mata ƴaƴa nawa suka haifa. Batulu ta lissafa nata ta tsallake Maharazu, yadda kowace mai kunya take yi da ɗan fari: ba ta kiran sunansa, ba ta jansa a jiki gaban mutane. Shi kuwa yana tsaye wurin, an taso su daga lakol, makarantar boko. Nasara ya nuna shi, ta kawar da kai ta ce wani ɗan gidan nan ne.

Tun daga ranar nasara ya maƙale mana. Ya zauna gindin itacen bedi yana kallon uwa da ɗa yana rubutu. Batulu ta ce mini ko soja za su kai shi, ko su tafi da shi ƙasarsu. Sai ta ƙara ɗaure wa yaron fuska, wai kada a gane yana da daraja a gidan. Jibo ya rantse ya yi wa nasara bayanin kunyar ɗan fari. Ni dai ban ji da kunnena ba.

Aka samu mulkin kai, muka ce mun huta. Ina! Sai ga wani likitan yara, bayansa wata mai nazarin halin ɗan Adam, kowa Batulu yake nema. Na tsare Jibo sai da ya faɗa mini. Ashe na farkon ya rubuta cewa akwai ciwon zuciya da ke sa uwa ta ƙi ɗanta na fari, kuma yayata ce misalinsa. Likitoci suka ɗauka, masu nazarin hali suka ɗauka, kowa ya yi nasa rubutun sai ya ambaci sunan wancan. A wajensu da yawan ambaton nan ake auna girman malami, har an ba shi kujera a wata babbar makaranta. Na ce to, ashe da yayata aka naɗa masa rawani.

Batulu ba ta yarda da ko ɗaya ba. Mutum ya baro ƙasarsa don kawai ya ga yadda mace ke kallon ɗanta? Akwai dai abin da suke ɓoyewa. Duk wanda ya zo ta ce ba ta san wani Maharazu ba, ta faɗa ba tare da ta kama sunan ba. Su kuma su koma su rubuta cewa har yanzu ba ta warke ba, su sake ambaton malaminsu.

Maharazu ya girma, ya samu aikin jinya a Agiye, yana karanta Faransanci kamar ruwa. Wani daga cikin baƙin nan ya bar masa takardar da aka rubuta a kan uwarsa. Ran kasuwa ya shigo gida, ya tarar da ita bakin kasko, mata masu sayen mai sun cika tsakar gida.

"Inna," ya ce, "an rubuta ba ki sona, kuma duniya ta karanta. Mi za ki ce?"

Ba ta ɗaga kai daga kaskon ba. Ni ta duba ta ce, "Tambayi wanga, wa ya aiko shi?"

Har shi ma tana zaton nasara ne suka turo ya gwada ta. Na ja shi soro na yi masa faɗa, na ce kai ma ka san al'ada. Ya ce ya sani, amma ya ga uwayen abokansa, in ba kowa suna sakin fuska, tasa kuwa ko su biyu ne ba ta saki. Gaskiya kuwa ya faɗa. Tsoro ya riga ya zame mata hali. Ya ce ya nemi a mai da shi Yamai, kuma an amince.

Na ji haushinsa, na ji haushinta, na fi jin na mai kujerar nan da ban san ko yana tuna fuskarta ba.

Ran tafiyarsa da safe ta biyo ni bakin hanya inda zai shiga mota, ta tsaya nesa da jama'a. Ya waiwayo ya dube ta, ta shiga gyara ɗankwali. Mota ta tashi, ta yi nisa har muka daina jin ƙararta. Sai yayata ta buɗe baki a gaban kowa ta kira shi, Maharazu, da ƙarfi. Mutane suka juyo suna kallonta, shi dai bai ji ba.